Zermatt, Chamonix ko Zell am See: ina ya fi dacewa ka je yawon ƙafa a tsaunukan Alps?

Duk wanda ya samu bizar Shengen, ko yana zaune a Turai yana karatu ko aiki, idan watan Yuni ya kama sai ka ji an fara maganar zuwa dutse a sha iska, kuma sunaye uku ne ke yawan fitowa: Zermatt a Suwizalan, Chamonix a Faransa, sai Zell am See a Ostiriya. A hoto duk ɗaya suke, kore shar, dusar ƙanƙara a kan tsauni, shanu da ƙararrawa a wuya. Amma a ƙasa ba ɗaya ba ne ko kaɗan, kuma abin da ya kamata ya yanke maka hukunci ba kyan hoton ba ne, abu uku ne: ƙarfin gwiwarka, nauyin aljihunka, da kuma su wa za ka tafi da su. Wanda zai tafi da Hajiya da yara uku lissafinsa daban, saurayin da yake son ya yi awa bakwai yana tafiya kullum shi ma daban.

Bari in fara da Zermatt tunda shi kowa yake mafarki. Garin yana can ƙarshen wani kwari a yankin Valais, tsayinsa daga teku wajen mita 1,600, wato kusan kana kwana a tsayin Mambilla kenan tun kafin ka ɗaga ƙafa. Mota ba ta shiga, ko ka yi haya sai ka ajiye ta a Täsch ka hau jirgin ƙasa na minti 12, a cikin gari kuma ƙananan motocin lantarki ne kawai ke ɗaukar kaya, to wannan shi ne babban abin da ya fi sauran biyun, babu hayaƙi babu hon, da safe abin da za ka ji ƙarar ruwan kogi ne da takun mutane. Dutsen Matterhorn mai mita 4,478 yana tsaye a ƙarshen titi kamar an dasa shi, shi ne wanda ya daɗe a jikin kwalin cakulan Toblerone kafin su sauya hoton a 2023 saboda sun kai wani sashe na aikinsu Sulobakiya. An fara hawa kansa ranar 14 ga Yuli 1865, su bakwai suka hau tare da Bature ɗan Ingila Edward Whymper, huɗu suka faɗo suka mutu a hanyar saukowa, kuma akwai maƙabartar mahaya dutse a bayan cocin garin, in ka leƙa za ka gane cewa dutsen nan ba abin wasa ba ne. Kai dai naka kallo ne daga nesa.

Yawon ƙafa a Zermatt yana da daɗi saboda jirgi ko motar igiya, wannan akwatin da ke rataye a jikin waya, shi zai yi maka wahalar hawa, kai kuma ka gangaro ko ka bi gefe. Jirgin Gornergrat tun 1898 yake aiki, cikin kusan rabin awa ya kai ka mita 3,089, a hanyar dawowa ka sauka a tashar Rotenboden ka taka 'yan mintuna zuwa tafkin Riffelsee, in iska ba ta kaɗawa sai ka ga Matterhorn a kife cikin ruwa tsaf, har da ɗan karkacewar kansa. Sai dai ka je da sassafe, da rana ta ɗaga iska ta taso ruwan ya fara rawa shikenan hoton ya tafi, ga kuma gajimare da yake son naɗe kan dutsen da hantsi. Akwai kuma hanyar tafkuna biyar daga tashar Blauherd zuwa ta Sunnegga, kusan kilomita 10, awa uku in ba ka tsaya ɗaukar hoto da yawa ba, yawancinta gangara ce, na ƙarshen wato Leisee har da wurin wasan yara. Mai zuciya kuma ga doguwar gadar igiya a saman ƙauyen Randa, mita 494, an buɗe ta a 2017, ƙasan ta raga ce kana tafiya kana ganin kwari a ƙarƙashin ƙafarka, amma hawa zuwa wurinta ma aiki ne, ba na mai ciwon gwiwa ba.

Abin da nake so a garin shi ne tsohuwar unguwar da ake kira Hinterdorf, rumbunan katako ne da suka yi baƙi ƙirin saboda rana da shekaru, an ɗora su a kan ƙafafu, a saman kowace ƙafa an sa faffaɗan dutse kamar faifai don ɓera in ya hau ya rasa yadda zai zagaya ya shiga hatsi. Da damina tasu, wato Yuli da Agusta, yara kan koro garken awaki masu rabi baƙi rabi fari su ratsa babban titi safe da yamma, masu shagon agogon miliyoyi suna tsaye suna kallo.

To amma kuɗi fa? Nan ne ake yin ta. Suwizalan ba yuro take ci ba, faran take ci, kuma Zermatt ko a cikin Suwizalan ɗin ana kuka da tsadarsa. Tikitin Gornergrat zuwa da dawowa a tsakiyar bazara ya haura faran 100 mutum ɗaya, ka lissafa ku biyar. Akwai katin rabin farashi da ake sayar wa baƙi na wata guda, in za ka hau jirage da yawa yana biyan kansa, amma duk da haka otal da abinci sai sun sa ka yi shiru. Sannan layin wayarka na Jamus ko Faransa ba lallai ya yi aiki kyauta a can ba tunda ƙasar ba ta cikin Tarayyar Turai duk da tana Shengen tun 2008, ka duba kafin data ta cinye ka. Hanya ma da ɗan nisa, daga filin jirgin Zurich wajen awa uku da rabi a jirgin ƙasa, ka canza a Visp.

Chamonix, ana furta shi Shamoni, shi kuma gaskiya ba ƙauye ba ne, gari ne sosai mai motoci da cunkoso da shagunan kayan hawa dutse a kowace kwana, nan aka yi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a 1924. Yana mita 1,035 a gindin Mont Blanc, tsaunin da ya fi kowanne tsawo a Alps, mita dubu huɗu da ɗari takwas da 'yan kai, ana sake auna shi lokaci-lokaci saboda ƙanƙarar kansa tana ƙaruwa tana raguwa. Mutum biyu 'yan garin, Jacques Balmat da likita Michel-Gabriel Paccard, su suka fara hawa a 1786. Daga filin jirgin Janiba awa ɗaya da 'yan mintuna ne a bas, wannan kam ya fi Zermatt sauƙi nesa ba kusa ba, kuma ga 'yan uwanmu na Nijar da Kamaru da Cadi, yaren nan naku ne, za ku yi ciniki ku tambayi hanya ku karanta allon gargaɗi ba tare da neman tafinta ba, wanda a sauran biyun Jamusanci ne duk da ma'aikatan otal suna jin Turanci.

In dai tafiyar ƙafa ce ta gaske ta kawo ka, ni a ganina nan ne wurin. Kwarin siriri ne, tsauni a dama tsauni a hagu, kowane gefe da hanyarsa a tsakiyar jikin dutsen da take bin tsawon kwarin kana tafiya kana kallon ɗaya gefen. Ta gefen Mont Blanc ka hau motar igiyar Aiguille du Midi ka sauka a tashar tsakiya, Plan de l'Aiguille, ka miƙe zuwa Montenvers, wajen awa uku, sai ka dawo gari a ɗan jan jirgin nan da ya haura shekara ɗari yana aiki. A Montenvers ɗin ne za ka ga Mer de Glace, kogin ƙanƙara mafi girma a Faransa, kuma wallahi abin tausayi ne, a jikin dutsen an kafa alluna da shekaru a rubuce, nan ƙanƙara take a 1990, nan take a shekara kaza, a da kana bin matakala zuwa ƙanƙarar kana wuce su, har sai da matakalar ta haura 500 kafin a gina sabuwar motar igiya a 2024. Daga sama ma ba fari yake ba, toka-toka ne saboda tsakuwa ta rufe shi. Ta ɗaya gefen kuma daga tashar motar igiya ta La Flégère ka haura zuwa Lac Blanc, mita 2,352, hawa ne na wajen awa biyu mai sa numfashi, duwatsu ne ba turba mai laushi ba, amma in ka isa ka juyo ka ga jerin tsaunukan nan masu tsini sun yi layi a gabanka sai ka manta da cinyarka. Sau da yawa ana cin karo da awakin dutse masu manyan ƙaho suna kwance a gefen hanya ko kallonka ba sa yi. Wurin a tsare yake, ba a wanka a tafkin, ba a zuwa da kare.

Hawa can ƙololuwar Aiguille du Midi, mita 3,842, shi ba tafiya ba ne, kallo ne, cikin minti 20 an ɗaga ka daga gari zuwa inda iskar numfashi ta yi ƙaranci, tikitin ya haura yuro 70, kuma mutane da yawa jiri yake ɗibarsu ko ciwon kai, mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara tambayar likitansa, ƙananan yara ma ba a barinsu. Haka ma Klein Matterhorn na Zermatt mai mita 3,883. Kar ka yi waɗannan a ranar farko.

Shawarata a Chamonix kar ka kwana a tsakiyar gari in ƙauye kake nema, ka kama ɗaki a Argentière ko Les Houches ko can Vallorcine kusa da iyakar Suwizalan, jirgin ƙasa ɗaya ne yake haɗa su duka, kuma masauki kan ba da katin baƙo mai sauƙaƙa kuɗin zirga-zirga. Daga Les Houches ne aka saba fara zagayen Mont Blanc, kusan kilomita 170 ta ƙasa uku, Faransa da Italiya da Suwizalan, kwana goma ko sha ɗaya ana kwana a ɗakunan kan dutse, amma wannan sai ka kama gado watanni kafin lokaci. Sannan ka guji makon ƙarshe na Agusta, lokacin ne ake gasar gudun UTMB, garin yakan cika maƙil farashin ɗaki ya haukace. In ruwa ya ɓata maka rana, ramin Mont Blanc mai kilomita 11.6 zai fitar da kai Courmayeur a Italiya, sau da yawa can rana ake yi.

Sai Zell am See, wanda masu ji da kansu a hawan dutse suke ɗan rainawa, ni kuma nake ganin shi ne ya fi dacewa da yawancin mutanenmu a zuwan farko. Yana jihar Salzburg, mita 750 kacal, a bakin wani tafki mai ruwa garai-garai da ake iyo a ciki ana hawa jirgin ruwa, zagaye tafkin da ƙafa wajen kilomita 11 ne ko 12, shimfiɗe, har keken jariri yana bin yawancinsa. Tsaunukan da ke kusa ba masu ban tsoro ba ne, Schmittenhöhe mita 1,965, kansa ciyawa ce, ka hau da motar igiya ka yi ta yawo a doronsa kana hango manyan tsaunukan Hohe Tauern. Wanda bai gaji ba daga nan akwai doguwar hanya ta kan doro zuwa wajen Saalbach, kusan awa shida, ita ce amsar masu cewa babu tafiyar kirki a Zell. Kaprun na maƙwabtaka, daga nan ake hawa Kitzsteinhorn har sama da mita 3,000 inda yara za su taɓa dusar ƙanƙara a watan Yuli, ga manyan madatsun ruwa na Mooserboden da aka gina bayan yaƙin duniya na biyu, ga wani matsattsen rami da ruwa ya sassaƙa, Sigmund-Thun-Klamm, an shimfiɗa gadar katako ana bi ta ciki ruwa na feso maka. Da ɗan nisa kuma ga ruwan Krimml mai faɗowa daga tsayin mita 380 a hawa uku, da titin Grossglockner da aka buɗe a 1935 in kana da mota.

Abu biyu ne suka sa nake tura masu iyali can. Na farko katin bazara, otal-otal da gidajen haya da yawa suna ba baƙonsu shi a cikin kuɗin ɗaki, ka hau wasu motocin igiya ka shiga wasu wurare ba tare da sake ciro walat ba, kafin ka biya kuɗin ɗaki ka tabbata masaukin yana cikin masu bayarwa don ba duka ba ne, kuma bambancin a mako guda ba ƙarami ba ne. Na biyu, shekara da shekaru Larabawan Saudiyya da Kuwait da Daular Larabawa suke tururuwa garin nan a Yuli da Agusta suna gudun zafin ƙasarsu, har ruwan sama da Turawa ke tsaki a kai su murna suke yi, to saboda su gidajen abincin halal sun yawaita, ana rubuta jerin abinci da Larabci, mace da hijabi ba wanda zai juyo ya kalle ta. Illar ita ce bakin tafkin da yamma kamar kasuwa, in shiru kake nema ka kwana a Kaprun ko Thumersbach da ke tsallaken ruwa.

Tunda an zo maganar hijabi bari in faɗi wannan don kar a sha mamaki: hijabi ba matsala a duk ukun, amma niƙabi mai rufe fuska doka ta hana a bainar jama'a a duk ukun. Faransa tun 2011, Ostiriya tun Oktoban 2017, Suwizalan kuma daga 1 ga Janairun 2025, kuma tara ake ci. Duk wadda niƙabi ya zama mata dole ta san wannan tun kafin a sayi tikiti.

Abinci kuma a kan dutse sai da tambaya, don naman alade yana ɓuya a inda ba ka zata ba. Tartiflette ta Faransa dankali ne da cuku amma da gutsattsarin alade a ciki, rösti na Suwizalan sau da yawa haka, speck da za ka gani a ko'ina a Ostiriya shi ma alade ne, narkakken cukun nan fondue da farar giya ake dama shi, har Kaiserschmarrn, wainar ƙwai mai zaƙi da ake yayyagawa a barbaɗa sukari, wasu suna jiƙa zabibinta a giya. A Chamonix in ka gangara kwarin zuwa Sallanches ko Cluses akwai Musulmi 'yan Magrib da Turkiyya da suka zo aikin masana'antu, za ka samu nama da wurin Juma'a. Zermatt ne ya fi ƙaranci a wannan fanni, can ka kama ɗaki mai kicin ka shiga Coop ko Migros ka sayi ƙwai da shinkafa da kifin gwangwani, wanda ma shi ne hanyar da aljihu zai tsira. Ka tafi da yajinka. Sallah kuma lokutan sai ka saita waya, ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare, asuba kuma tun wajen uku da rabi, barci gajere ne.

Wasu abubuwan duk inda ka zaɓa ɗaya ne. Allunan hanya ba kilomita suke rubutawa ba, awa da minti suke rubutawa, kuma lissafin ƙafar ɗan can ne, kai ka ƙara rabi a kai. A Suwizalan alama ruwan ɗorawa zalla hanya ce mai sauƙi, fari-ja-fari ta dutse ce sai da takalmi mai ƙarfi, fari-shuɗi-fari kuwa ka juya kawai ba taka ba ce. A jihar Salzburg ɗigo ne a jikin allo, shuɗi sauƙi, ja matsakaici, baƙi na gwanaye. Duk mita dubu da ka hau sanyi na ƙaruwa da wajen digiri shida, ka bar gari da shat ka isa sama haƙora na haɗuwa, don haka jaket da rigar ruwa su zauna a jaka ko da sama ta yi tas. Hadari da tsawa yawanci da rana tsaka zuwa la'asar suke tasowa, a fita da wuri a sauko da wuri, kuma ka riƙe lokacin motar igiya ta ƙarshe don da yawa kafin ƙarfe shida sun rufe, in ta wuce ka sai ka gangaro da ƙafa, gangara kuwa ita ke kashe gwiwa ba hawa ba, sanda biyu na taimakawa sosai. Shanun can ma kar ka ce ai ka saba da garke, saniya mai ɗan maraƙi ba ta son a ratsa, a 2014 sun kashe wata Bajamushiya a Tirol da take tafe da karenta har maganar ta kai kotu, a zagaye su kawai.

Inshora ma a duba ta da kyau. Ta biza da ake nema, mai yuro 30,000, ta asibiti ce, ba kowacce ke biyan jirgi mai saukar ungulu ba in ya ɗauko ka daga dutse. A Faransa jandarmomin dutse ne ke ceto kuma gwamnati ke ɗaukar nauyi, amma a Suwizalan da Ostiriya takardar biyan kuɗi za ta biyo ka gida, kuma ba 'yan canji ba ne. Lambar gaggawa 112 tana aiki a duk ukun. Bizar ita kanta yuro 90 ce tun Yunin 2024, kuma a ofishin jakadancin ƙasar da za ka fi daɗewa ake nema, ba wanda layinsa ya fi gajarta ba.

Lokaci kuwa, farkon Yuni manyan hanyoyi irin ta Lac Blanc galibi da sauran ƙanƙara a kai kuma wasu motocin igiya ba su buɗe ba, ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli furanni sun fito mutane ba su yi yawa ba, Agusta kowa na hutu komai ya yi tsada, farkon Satumba kuma sama ta fi washewa ga sauƙin ɗaki, in yara ba su ɗaure ka da hutun makaranta ba ni shi zan ɗauka.

Saboda haka in da iyaye ko ƙananan yara za ka, ko kuɗin a ƙirge suke, ka tafi Zell am See ko Kaprun mako guda, Salzburg awa ɗaya da rabi ne a jirgin ƙasa, daga Munich ma ana zuwa. In ku matasa ne masu ƙafa, musamman masu jin Faransanci, Argentière ko Les Houches. Zermatt kuwa ban ce kar a je ba, amma kwana biyu ko uku sun isa ka yi Gornergrat da tafkuna biyar, kuma ba sai ka zaɓi ɗaya ka bar ɗaya ba, daga Chamonix akwai jirgin ƙasa da ke ratsa Vallorcine ya sauka Martigny, daga nan Visp, sai Zermatt, wajen awa huɗu ko ɗan fi, sai dai ka duba hasashen yanayi kafin ka kama ɗakin don in gajimare ya zauna a kwarin za ka iya biyan faran ɗinka ka dawo ba ka ga Matterhorn ɗin ba.